Aikin Da Aka Yi Cikin Wasa, Na Wane Ne?

Akwai wata gajeruwar magana da mu ke ji kullum, a bakin yaro da bakin babba. Yaro ya ture ɗan'uwansa cikin kwata, a kama shi, ya ce, "Ai wasa ne." Saurayi ya faɗa wa budurwa maganar da ta hana ta barci, a tambaye shi, ya ce, "Ai wasa na ke yi." Mun saba da maganar nan har ba mu tsayawa mu auna ta. Amma akwai tambaya a cikinta, ba kuwa ƙarama ba. Idan mutum ya ari sunan wani da rigar wani, ya yi wani aiki cikin wasa, aikin nan na wane ne? Na mai rigar ne, ko kuwa na wanda ya ara?

Mu mutanen ƙasar Ikara da Makarfi da Kudan ba baƙin aron suna ba ne. Waɗanda suka tashi a ƙauye sun san kalankuwa, ko da ya ke yanzu ta ja baya ƙwarai. Sa'ad da kaka ta yi, dawa ta shiga rumbu, sai samari su naɗa sarkinsu, su naɗa masa Waziri da Galadima da Madaki da Alƙali da 'yan doka. A zamanin Turawa har da Razdan da Di'o da Likita aka ƙara. A yi bindiga da kara, a yi tabarau da kara. Wanda ya makara a ci shi tara, wanda ya wuce gaban sarki da takalmi a kai shi gaban alƙali, kuɗin kuwa a sallami makaɗa da su. Kwana biyu ko uku ɗan talaka yana sarki, gari duka yana faɗuwa yana gaishe shi, sa'an nan ya koma ya ɗauki fartanyarsa. A Damagaram suna da irinsa, suna ce da shi wasan kara. A gidajen sarauta kuma akwai wasan gauta, inda matan cikin gida su kan kwaikwayi sarki da fadawansa, sarki yana zaune yana kallon tafiyarsa da maganarsa a jikin wata.

To, Turawa ma suna da tasu kalankuwar, sai dai tasu a zaune a ke yin ta. A shekarar 1974 waɗansu mutum biyu a Amurka, Gary Gygax da Dave Arneson, suka buga littafin dokokin wani wasa mai suna Dungeons & Dragons, watau kurkukun ƙarƙashin ƙasa da dodanni. Ga yadda a ke yin sa. Mutum huɗu ko biyar su kewaye tebur, kowa da takarda da fensir. Kowa ya zaɓi wanda zai zama: wannan jarumi, wannan ɓarawo, wannan mai sihiri, wannan malamin addini. A rubuta ƙarfinsa da wayonsa da lamba. Mutum ɗaya shi ne mai jan labari, shi ke faɗa musu inda su ke da abin da su ke gani. Ya ce, "Ga ku a bakin kogi, gada ta karye, ga hayaƙi a tsallake." Kowa ya faɗi abin da zai yi. In abin mai wuya ne, sai a jefa ɗan ludo a ga ko ya yi nasara. 'Ya'yan ludonsu kuwa ba mai fuska 6 kaɗai ba ne kamar namu, akwai mai 4, da mai 8, da mai 10, da mai 12, da mai 20. Ba a sa kuɗi, ba wanda ya ci wani, labari ɗaya kuma ya kan yi shekaru ana jan sa mako mako. Tatsuniya ce wadda masu sauraro suka shiga cikinta, kowa ya riƙe nasa Gizon. Wasan ya cika shekara 50 a 2024, yaranmu masu waya kuwa suna iya cin karo da shi ko wace rana.

Abin da ya sa muka kawo shi nan shi ne irin labaran da masu wasan su ke ba juna. Ba su cika ba da labarin ranar da kome ya tafi daidai ba. Abin da su ke tunawa shi ne ranar da wani abu baƙo ya ɓullo wanda ba kowa ya shirya shi. Akwai wani labari da ya ke yawo a cikinsu tun shekarun 1980. Mai jan labari ya faɗa wa wani ɗan wasa cewa ya iso wani lambu, ga gazebo a kan tudu. Gazebo kuwa rumfa ce ta shan iska da masu arziki su ke kafawa a lambu, amma mutumin nan bai san kalmar ba, girman kai kuma ya hana shi tambaya. Ya ɗauka sunan wani dodo ne. Ya tambayi launinta, aka ce fara. Ya tambayi nisanta, aka faɗa masa. Ya yi mata kira, ba ta amsa ba. Sai ya ɗana baka ya harbe ta, aka ce masa to, ga kibiyarka can a kafe a jikin rumfa. Da ya ga kibiya ba ta yi mata kome ba, tsoro ya kama shi, ya ce zai gudu. Mai jan labari ya gaji, ya ce masa ya makara, rumfa ta farka ta kama shi ta cinye.

Mun yi dariya, ya kuwa cancanci dariya. Amma a lura da abu ɗaya. Mai jan labari rumfa ya ajiye. Dodon, mutumin ne ya zo da shi daga gida.

Mu ma muna da namu. Mun taɓa ganin wata kalankuwa a wani ƙauye a ƙasar Makarfi, inda samari biyu suka kawo ƙara gaban alƙalin wasa a kan iyakar gona. Ɗaya ya ce ɗan'uwansa yana cin kunya guda kowace damina, har ya kai ga ɗorawar da ta ke tsakiyar gonar marayu. Ana ta dariya, alƙali yana shafa gemun auduga. Sai ya tambaya, "Uban marayun nan, da ya ke da rai, wa ke kaɗe ɗorawar?" Nan take dandali ya yi tsit, har mai ganga ya sauke hannu. Gama kowa ya san gonar, kowa ya san ɗorawar, kowa kuma ya san dattijon da a ke nufi, yana zaune a kan tabarma a gaba. Shekara da shekaru manya suna jin nauyin faɗa masa, ga yaro mai gemun auduga ya faɗa. Dattijon ya tashi ya kaɗe rigarsa ya tafi. Bai mayar da gonar a shekaran nan ba, ya kuma daɗe ba ya amsa gaisuwar uban alƙalin. Amma kunyar ba ta ƙara matsawa ba.

Ga kuma ɗaya gefen. A wata shekara aka naɗa wani yaro shugaban 'yan doka, yaro mai ladabi, ɗan ƙungiyar mawaƙa, wanda ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba. Aka ba shi bulalar rama don ado. Kafin dare ya raba ya sami dalilin kama wani saurayi, ya zane shi har jini ya fito. Daga baya aka tuna budurwa ɗaya su ke nema. Da aka tsare shi, ya ce, "Ba ni ba ne, ɗan doka ne."

Wannan amsa ita ce gindin maganarmu. Amma kafin mu kai gare ta, bari mu kawar da waɗansu tuhumomi da a kan yi wa irin wasannin nan.

Waɗansu sun ce ƙarya ce mutum ya kira kansa sarki alhali ba shi ba ne. Wannan ba ta da ƙarfi. Ƙarya sai da wanda a ke ruɗi. Bakano da Bazazzagi su kan zagi juna a kasuwa, jika ya kira kakarsa matarsa, ba wanda ya ruɗu, gama duka sun san dokar wasan. Waɗansu kuma da sun ga ɗan ludo sai su ce caca. Amma ba ƙashin ne ya mai da caca zunubi ba, kwaɗayin abin hannun maƙwabci ne. Kakanninmu da wuri su ke caca, ba wanda ya ce wuri haram ne.

Tuhuma mai nauyi ita ce ta uku, ita ce kuwa ta girgiza ekklesiyoyin Amurka. A 1979 wani ɗalibi ya ɓace daga Jami'ar Jihar Mishigan, jaridu suka baza cewa wasan ne ya juya masa kai har ya shiga ramukan ƙarƙashin makaranta. Bayan kamar wata guda aka same shi a wani wuri dabam, damuwarsa kuwa ba ta wasan ba ce, amma labarin fari ya riga ya yi nisa. A 1983 wata uwa mai suna Patricia Pulling, wadda ɗanta ya kashe kansa, ta kafa ƙungiya domin yaƙi da wasan. Ta kai ƙara, kotu ta kore ta. A 1984 Jack Chick, mai buga 'yan takardun wa'azi masu zane, ya fitar da ɗaya yana cewa wasan ƙofar maita ce. Hayaniyar ta kai har masu wasan suka cire sunayen aljanu da shaiɗanu daga sabon bugun 1989. Ba mu raina hawayen uwan nan ba. Wanda ya binne ɗa dole ya nemi dalili. Amma ba a tabbatar da zargin ba.

Dattawanmu na Malikanchi suna da dalilin tsoro wanda ya fi na Amurkawa, domin su sun ga abin da idonsu. Da yawa cikin iyayenmu daga gidajen bori suka fito zuwa bangaskiya. Sun ga yadda a ke goga garaya, a kaɗa ƙwarya, mace ta faɗi ta tashi da muryar da ba tata ba. In Malam Alhaji ne, ta duƙa tana tari kamar tsoho, tana jan tasbaha. In Ɗan Galadima ne, ta yi zaman 'yan sarki, tana rabon kyauta, gama an san shi da ado da caca. In Sarkin Rafi ne, sai a ba ta fili. Saboda haka dattijon da ya ji an ce yara suna zaune suna kiran kansu da sunan mai sihiri, suna magana da muryar wani, ba wauta ba ce in gabansa ya faɗi. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Amma a duba abin da 'yan bori da kansu su ke faɗi. Wanda iska ta hau, doki a ke ce da shi, in mace ce goɗiya. Doki ba ya zaɓen hanya, mahayi ke riƙe da linzami. Sa'ad da aka gama, aka yi atishawa, iska ta sauka, mutumin ya kan ce bai san abin da ya faɗa ba, ba a kuwa tuhumarsa da shi. Tushen bori ke nan: mai jikin ba ya nan. Wasa kuwa akasin haka ne. Sarkin kalankuwa ya san shi ɗan wane ne. In uwarsa ta aiko a ce akuya ta kwance, zai tuɓe rawani ya bi ta. Mai wasan tebur yana tsakiyar yaƙi da dodo zai ce a dakata ya sha ruwa. Linzami yana hannunsa daga fari har ƙarshe. Don haka ba mu ga daidai ba ne a haɗa wasa da bori a ɗaure da igiya ɗaya.

To, a nan ne ya kamata samari su saurara, kada su yi saurin tafi. Hujjan nan da ta wanke wasa daga bori, ita ce kuma ta kama ɗan wasa. In kana nan, linzami yana hannunka, to, abin da aka yi kai ka yi. Ba dama ka ce wa dattawa, "Ba bori ba ne, ina cikin hankalina," sa'an nan ka juya ka ce wa wanda ka zane, "Ba ni ba ne, ɗan doka ne." Yaron nan mai bulala amsar ɗan bori ya bayar, alhali ba abin da ya hau shi. Kishin nan nasa ne, ya daɗe yana kwance, rigar ɗan doka ƙofa kawai ta buɗe masa. Haka kuma ƙarfin halin alƙali mai gemun auduga nasa ne. Auduga ba ta san marayu ba.

Littafi Mai Tsarki ya san wannan sarai. Cikin Misalai sura 26 an kwatanta mai cutar maƙwabcinsa sa'an nan ya fake da wasa da mahaukaci mai harba kibau masu wuta. Cikin II Sama'ila sura 12, annabi Natan bai fuskanci Dauda da laifinsa kai tsaye ba. Ya kawo masa ƙarar mai arziki da ya ƙwace 'yar tunkiya ɗaya tak ta matalauci, Dauda ya hau kujerar alƙali ya yanke hukunci da fushi, bai sani ba kansa ya ke yanke wa. Ƙarar ƙagagga ce, amma hukuncin na gaske ne, domin daga zuciyar Dauda ya fito. Wanda kuma ya karanta Matta sura 27 zai ga kalankuwa mafi muni da aka taɓa yi. Sojojin Bilatus suka yi wasan naɗin sarki da Ubangijinmu: alkyabba ta aro, rawani na ƙaya, sandan sarauta na kara, da durƙuso na ba'a. Da an tambaye su, da sun ce wasan bariki ne. Amma karan nan da shi suka buge shi a kā, ƙayar kuma ta huda fata.

Kada a ɗauka mugunta kaɗai wasa ya ke tonowa. A 2023 wata mujalla a Amurka ta ba da labarin fursunonin jihar Teksas waɗanda aka yanke wa hukuncin kisa, suna yin wasan teburin nan ba tare da tebur ba. Kowa yana kulle shi kaɗai a ɗakinsa kusan dukan yini. An hana su ɗan ludo, sai suka yi abin juyawa da takarda mai lambobi. Mai jan labari yana ɗaga murya daga ɗakinsa, saura suna amsawa daga nasu. Baƙi da farare, waɗanda kurkuku ya saba rabawa, suka zama abokan tafiya ɗaya, suna ceton juna cikin labari, suna kuma faɗin abubuwan ƙuruciyarsu da bakin aro waɗanda ba su iya faɗi da nasu bakin ba. Ɗaya daga cikinsu, Billy Wardlow, ya yi kisankai a 1993 yana da shekara 18, aka kashe shi a watan Yuli na 2020. Ba mu ce wasa ya wanke jinin da ya zubar ba, wannan ba aikin wasa ba ne. Amma in mun ce zaluncin yaro mai bulala nasa ne, tilas mu ce amincin da mutanen nan suka nuna wa juna ta cikin bango shi ma nasu ne. Ba su da gona, ba su da iyali kusa, ba su da wani fili da za su yi wa mutum alheri sai cikin labari, a can kuwa suka yi.

Duk da haka akwai wuraren tsayawa. Abin da mutum ya ke zaɓa dare bayan dare yana zama masa jiki. Saurayin da kullum shi ne mai yanka, kullum shi ne mai cin amana, yana kuwa jin daɗin haka, abokansa su tambaye shi lafiya. Wanda kuma ya fito daga gidan bori, zuciyarsa ba ta kwanta da ko da ambaton sihiri ba, kada a ja shi, kada a yi masa dariya. Abin da Bulus ya koya wa Korinthiyawa a kan naman da aka yanka wa gumaka ya shafi wannan. Ana iya jan labari a kan fatake da 'yan fashi a hanyar Zariya zuwa Kano ba tare da an kira iska ko ɗaya ba.

Saura abu ɗaya, shi kuwa a cikin majami'armu ya ke. Dukan abin da muka faɗa ya shafi wasan da mutum ya ke zaɓen aikinsa da kansa. Wasan kwaikwayon Kirsimati da na Ista dabam ne. A can an riga an rubuta kome, malamin makarantar Lahadi ne ya ke rabawa: kai Yusufu, ke Maryamu, kai Hirudus, kai Yahuza. Yaron da ya karɓi azurfa talatin a gaban jama'a bai zaɓi cin amana ba, biyayya ya yi wa malaminsa. Amma sau nawa muka ji sunan ya bi yaro har gida? A rijiya Yahuza, a makaranta Yahuza, ran da alli ya ɓace a aji kowa ya juya ya dube shi. Mun san magidanci mai 'ya'ya huɗu wanda har yanzu tsararrakinsa ba su kiransa da sunan yanka. Yana dariya in an kira, amma ya hana 'ya'yansa shiga wasan Ista.

A irin wannan wasa mai zaɓe shi ne mai rabo, saboda haka a nan halin malamai da dattawa ne ya ke fitowa fili. Wanda ya ke so ya gani, ya tuna da Ista biyar da suka wuce a majami'arsu, ya lissafa 'ya'yan wa aka ba Yusufu da Maryamu da mala'ika, 'ya'yan wa kuma aka ba Yahuza da ɓarayin nan biyu. A wurare da yawa zai tarar farar riga tana zagawa tsakanin gidan fasto da gidan ma'aji, jakar azurfa kuwa tana komawa hannun maraya, ko mai i'ina, ko ɗan baƙon da ya zo aikin rake.